Hoton Isuhu da Ya Ƙi Fitowa

Jama'a, wallahi wannan ba ji na yi ba, a hannuna ya faru, shekarun baya ina ɗaukar hoto a Head Bridge ta Onitsha, lokacin waya mai hoto ba ta zo hannun talaka ba. Ni kuwa cutata ke nan, tsofaffin kyamarori masu fim, irin na ƙarfen nan da sai ka murɗa bakin da hannu kafin mutum ya fito tar. Duk wadda na gani wurin 'yan gwangwan sai na saye ta, na goge, na gwada, har abokai suna tsokanata wai ni ma ɗan bola ne.

To akwai wani ɗan dako, Isuhu, mutumin ƙasar Katsina, buhun albasa ya faɗo masa ya karya ƙafa, aka yi masa ɗori. Kun san bakin mutane, kafin labari ya isa ƙauyensu ya zama mutuwa, har an yi zaman makoki. Tsohuwarsa ta kwanta, ta bar cin abinci. Aka aika mata cewa yana raye, ta ce rarrashinta ake yi, ita dai sai ta ga hoto. Shi kuma ƙafar ba za ta iya zaman babbar mota ba, ga wani direban motar albasa ɗan ƙauyensu zai juya gida ranar Juma'a, shi zai kai mata hoton.

Na zaunar da shi kan benci a ƙofar masallaci da hantsi, rana tar, na ɗauka, na hau okada na kai wa Inyamurin da ke wanke mini fim. Ya miƙo mini hoton yana dariya, wai, "Aboki, na benci you dey snap?", wato benci nake ɗauka? Na duba. Ga benci, ga sandarsa a jingine, ga tabarma, babu Isuhu.

Na ce kyamara ce, ai tsohuwa ce. Na sake wata, na sa sabon fim, na roƙi Liman ya zauna ya dafa kafaɗarsa. Innalillahi! Liman ya fito har farin gemunsa, hannunsa a miƙe kan iska. Na kwaso duk kyamarorin da na tara, na gwada ɗaya bayan ɗaya, kowa yana fitowa ban da bawan Allahn nan. Liman ya daɗe yana kallon hotunan, ya ce, "Malam, wannan ya fi ƙarfina, sai addu'a."

Abin da ya fi ƙona mini rai, kullum Isuhu sai ya tare ni da fara'a. "Yayana, ya na fito?" In ce masa mai wankin ne ya ɓata. Me zan ce? Juma'a ta yi, ya riƙe mini riga yana hawaye, "Don Allah ko marar kyau ne ba ni, Inna ba ta da kwana da yawa." Ina tsaye da kyamara a wuya, mota ta tashi ba hoto.

Da direban ya dawo, da ta'aziyya ya dawo. Ya ce ya iske ta da sauran numfashi, yana ta rantse mata Isuhu yana raye, sai ta ce, "Ku bar wahalar da kanku, ga shi nan kullum da hantsi yana zama gefena, ƙafarsa ɗaure da kara." Kuma babu wanda ya taɓa gaya mata karaya ce.

Bayan sadakar bakwai na sake ɗaukarsa, don hankalina ya ƙi kwanciya. Ya fito fes. Ya karɓa, ya juya shi a hannu, ya ce, "Yanzu kuma wa zan nuna wa?"

Har yau in na sa ido a kyamara tsigar jikina sai ta tashi, ban kuma sami wanda ya fassara mini ba. Ni dai shawarata, in tsohuwarka ta ce tana son ganinka, ko a kan buhun albasa ne a ɗora ka, ka tafi.