Ranar da Na Roƙi Allah Tirela Ta Maƙale

Na yi ayyuka da dama a rayuwata, wasu ma na manta sunan garuruwan da aka yi su, amma akwai rana ɗaya da har ƙasa ta rufe idona ba za ta fita daga raina ba. Ranar ce na tsaya a gefen wani titi, zufa na bin bayana, ina roƙon Allah ya sa wata tirela ta maƙale a kan layin dogo.

Lokacin ban daɗe da gama digiri na biyu ba, na samu aiki a wani ofishin injiniyoyi a Manhattan, can Amurka. Ni da maigidana muna zaune a Morris Heights, kullum in bi jirgin ƙasa mai lamba huɗu in gangara cikin gari. Babban aikin da ke hannun ofishinmu na wasu 'yan kasuwa ne da suka kafa kamfanin jirgin ƙasa na kansu, yana jigilar fasinja tsakanin manyan birane can kudancin ƙasar. A Amurka an fi sabawa da jirgin fasinja a hannun gwamnati, don haka ido yana kansu, masu yi musu fatan alheri da masu jiran su ga sun faɗi. Suna tsawaita layin zuwa wani sabon birni, har sun shelanta ranar buɗewa. Ni kuwa ƙaramar ma'aikaciya ce, aikina in duba zanen wuraren da titin mota ya ƙetare layin dogo, in tabbatar komai ya bi ƙa'ida.

Wata Asabar maƙwabtanmu 'yan Ghana suka yi suna. Ina zaune da farantin shinkafa da wake, sai wani dattijo mutumin Kumasi da ke hawa na uku ya jawo kujera kusa da ni. Tsohon direban tirela ne, ya ƙare ƙuruciyarsa yana ɗaukar katafila daga jiha zuwa jiha.

"'Yata, an ce ke ce mai gina hanyar jirgi?"

"Ina ni ina gini, Baba? Takarda kawai nake dubawa."

"To in kin duba takarda, ki duba tozo."

Ya kife kwano a kan tebur, ya ɗora dogon cokali a kai, cokalin ya tsaya yana lilo. Ya ce tirelar da ke ɗaukar katafila cikinta a ƙasa yake kamar na kada. Idan layin dogo ya yi tozo a tsakiyar titi, tayoyin gaba za su ƙetare, na baya ba su hau ba, sai cikin motar ya zauna a kan ƙarfe. Ba gaba, ba baya. "Ya taɓa samu na," in ji shi. "Allah ya taimake ni jirgin kaya ne mai tafiyar hawainiya, aka tsayar da shi. Naku kuwa na ji an ce iska yake kora."

Ran Litinin na buɗe zanukan da ke hannuna ɗaya bayan ɗaya. A wata mararraba an ɗaga layin saboda ruwa kada ya kwanta, kuma ba nisa da wurin akwai kamfanin fasa dutse da ake kai wa katafila. Motar da ƙa'ida ta ce a auna da ita tana wucewa lafiya lau. Na kira Baba a waya ya ba ni tsawon irin tirelarsa da tazarar cikinta da ƙasa, na sa a lissafi. Ba ta wuce ba. Na sake sau uku, amsa ɗaya.

Shugabana bature ne mai kirki, amma aiki ya riga ya cinye shi. Ya duba, ya murza ido, ya ce zanen ya cika ƙa'ida, in rubuta abin da na gani a shafukan ƙarshen rahoto. Ni da shi duk mun san ba mai karanta shafukan ƙarshe.

Ba zan ɓoye muku ba, na ji tsoro. Takardar zamana a ƙasar a jikin wannan aikin take, in aka sallame ni sai haɗa kaya. Na gaya wa maigidana muna cin abinci. Ya ce, "Ki faɗa musu. In sun kore ki, ai Zariya ba ta tashi daga inda muka bar ta ba."

Ranar Alhamis masu kamfanin jirgin suka zo taro, tare da waɗanda suka zuba kuɗinsu a harkar. An zauna a wani ɗaki can ƙololuwar bene, motocin ƙasa kamar tururuwa. Ni an kira ni ne kawai in riƙa danna kwamfuta ina sauya hotuna. Aka yi ta yabon juna har aka kusa tashi. Shugabar kamfanin, wata mata mai furfura da ba ta cika magana ba, ta tambaya ko akwai abin da ya rage.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Muryata na rawa na ce akwai mararraba ɗaya da tirela za ta iya maƙalewa a kai. Shugabana ya sunkuyar da kai. Wani mai jan lakataye ya ce ko na san abin da ɗage ranar buɗewa zai jawo? An sayar da tikiti, 'yan jarida na jira, masu adawa da jirgin sun daɗe suna neman abin kamawa.

Na dubi shugabar na ce, "Ranki ya daɗe, kada ki yarda da lissafina. A yi hayar tirela ta yini ɗaya. In ta ƙetare, ni da kaina zan ajiye aiki."

Ta dube ni. Sannan ta juya ga na kusa da ita ta ce a nemo tirelar.

Mako na zagayowa muka sauka kudu. Zafi kamar ana gasa mutum, ga hular kwano a kan mayafina. Jirgi bai fara bin sabon layin ba, don haka babu haɗari, sai dai a kaina. Shugabar ta zo da kanta. Tirela ta taho a hankali ɗauke da katafila, kan motar ya hau tozon ya sauka lafiya. Rabin jikinta ya shige, ba abin da ya faru. Nan ne na kama addu'a, duk wadda ta zo bakina. Sai muka ji wata ƙara, ƙarfe ya ci ƙarfe, har haƙorana suka amsa. Motar ta girgiza ta tsaya cak. Direba ya taka gaba, tayoyi suka yi ta juyawa a banza. Ya sa baya, ko motsi.

Ya leƙo ta taga yana dariya, ya ce duk direbobin yankin sun san wannan tozon tun da aka ɗaga layin, kewayewa suke yi. Baƙon direba ne kawai zai faɗa. Shugabar ta tambaye shi me ya hana su faɗa. Ya ce ba wanda ya tambaye su.

An fi awa ana fama kafin a janye motar. Ita kuwa tana tsaye tana kallon agogonta, don ta san tsakanin kaɗa ƙararrawar gargaɗi a mararraba da isowar jirgi ko minti ɗaya ba a yi. Da aka gama ta zo ta kama hannuna da hannayenta biyu. Shugabana ne ya matso ya ce mini a hankali, "Na gode da ba ki saurare ni ba."

An ɗage buɗewar. Jaridu sun yi musu ba'a, wasu masu kuɗin sun yi ta gunaguni. Aka baje titin aka daidaita shi, aka sake bin duk mararrabun, aka samu wasu da ke buƙatar gyara. Ni aka ɗora a kan wannan aikin, kuma kowane gari muka shiga sai na fara zama da direbobin manyan motoci kafin in buɗe kwamfuta.

Ranar da aka buɗe layin ina cikin jirgin farko, ni da maigidana, a kujerar taga. Na yi ta jiran mararrabar nan don in nuna masa, amma kafin in ɗaga yatsa mun wuce ta. Jirgi cike da mutane, wasu na shan kofi, wata na lallashin jaririnta, ba wanda ya san akwai wani abu a wurin. Daɗin da na ji a lokacin ya fi na ranar da aka miƙa mini digiri.

Abin da na koya shi ne, ilimin aiki ba a ofis kaɗai yake zaune ba, mai yawansa yana hannun waɗanda ba a gayyata taro. Kuma gaskiyar da aka faɗa a kan lokaci, ko da murya na rawa, ta fi wadda za a faɗa da ƙarfi a wajen ta'aziyya.