Ranar da Jakin Littafi Ya Kayar da Ni

Ko zan manta sunana, ba zan manta ranar da mai duba makarantu ya zo Kurfi gwada karatunmu ba. Ina aji huɗu lokacin, ana ce mini gwani. Littafinmu na haddace shi kaf, irin haddar allo: da na hango hoton da ke saman shafi, sai baki ya kama zuba kamar indararo. Harafi kuwa, ni da shi sai gaisuwa daga nesa.

Mutumin ya iso bisa keke daga Dutsin-Ma, bayan ya zagaye sauran makarantu. Yaro ɗaya tak zai ɗauka a wurinmu ya wuce babbar firamare ta Dutsin-Ma. Babana ya baro buhunan geronsa a kasuwa, ya zo ya tsaya bakin taga, har da gayyar abokansa biyu.

Malaminmu ya turo ni gaba, ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ko barci yake karantawa yake yi."

Baƙon ya zaro nasa littafin, sabon bugu, ya buɗe mini shafi mai hoton jaki. Na gyara murya, na kwararo labarin jakin da ya faɗa rijiya, har da kukansa, wanda na rantse an ji har ƙauyen Ɗantutture. Baba sai faɗi yake, "Madalla! Nawa ne wannan!"

Mutumin ya bari na kai aya, sannan ya ce, "Kai yaro, jakin ya fito kuwa?"

"An ciro shi, Malam."

"Alhamdu lillahi. To amma nan an rubuta ne a riƙa kai taki gona kafin damina."

Aji ya kece da dariya. Malaminmu ya shiga gyara hular da ba ta karkace ba. Na waiga taga, babu Baba, babu 'yan gayya.

Wani yaro da muke yi wa tsiya don yana bin harafi da yatsa kamar mai tsintar tsakuwa a wake, shi ya tafi Dutsin-Ma. Ni na maimaita aji. Washegari Malaminmu ya dafa ƙaro, ya bi hotunan littattafanmu ya liƙe su da takarda, muka koma baƙi da wasali muna gumi.

Tun ranar na gane zubar baki ba karatu ba ce. In kana son sanin ko yaro ya iya, miƙa masa takardar da bai taɓa gani ba, kuma kada ka gayyato kowa.