Mai Banda da Fostar Kansila

A kasuwar Yelwa, wata dattijuwa na zaune bayan kwandon bandar kifi, idonta jawur don hayaƙi, yatsunta duk tabon ƙuna. Da alama daga tsallaken ruwa ta fito. Duk wanda ya saya, sai ta jawo fostar kansila mai neman tazarce, ta keta ta tsakiyar fuska, ta ƙunshe masa kifin.

"Haba Inna," in ji wani ɗan kamfen, "mannawa aka ba ki!"

Ko kallonsa ba ta yi ba. "Wancan zaɓen har gidana ya zo, ya rantse za ya kawo muna malamar asibiti. Ɗiyata cikin kwalekwale ta yi naƙuda, ciki ta cika."

Ta keta wata. "Wanga ne aikin farko da ya taɓa yi mani."