Mai Kwanon Sha a Ƙofar Masana'anta

Duk ranar da jami'an duba masana'antar fenti za su zo, wata mata tana zaune a bakin ƙofa da kwanon sha a cinya. Fatar hannunta duk ta saɓule. Ban san ta ba, amma ina zaton rijiyarta na kusa da kwatar da suke zubar da gubarsu, kuma ta binne wani nata.

Yau babban jami'in ya fito, manaja na masa rakiya. Ta rusuna, ta buɗe kwanon. Ruwan na ƙyallin mai.

"Ranka ya daɗe, kai ka sa hannu cewa lafiyayye ne. Bismillah, sha."

Ya ce yana azumi.

"Zan jira magariba," in ji ta.

Ni ma na nemi wuri na zauna.