Akwatunan Baba Ɗan Dako

Wata Alhamis ce bayan la'asar, kwana uku da Babbar Sallah, a shekarar da na cika tara, mahaifina ya hawo benenmu na haya a unguwar Ammariyya, nan ƙasa mai tsarki, da kwali a kafaɗa, gumi ya jiƙa masa riga sharkaf. Baba ɗan dako ne a wani sito na kasuwar Balad, mai siton ne kuma ya ba shi kayan, wai 'ya'yansa sun sami sabo. Muka buɗe, sai ga kwamfuta irin ta wancan zamani: allon maɓallai da ake jonawa da talabijin, da 'yar rikoda, da kaset ƙwaya ɗaya. Sai kaset ɗin ya gama ƙuginsa tukuna wasan zai fito, mu kuwa muna zaune jugum kamar masu jiran buɗa-baki.

Wasan ba harbi, ba tsere. Wani ɗan mutum ne a sito mai lunguna yana tura akwatuna zuwa inda aka ɗiga alama. Turawa kaɗai ya iya, ba ya ja, in akwati ya shige kusurwa to halas, shi ke nan, sai a koma farko. Ni da 'yan matan gidanmu muka kwana biyu muna fama da sito na farko. Baba, wanda bai taɓa shiga aji ba, yana gefe da kofin shayinsa, ya ce, "Rabi, kafin ki taɓa kaya, duba ta inda za ki fita." Ya nuna hanya da yatsa, nan take muka ci. Tun daga ranar, da na gama dakan yajin da Inna take sayarwa a bakin kasuwa, na kwashe shanya daga saman bene, sai in zauna kusa da shi. Ni ce hannu, shi ne ido. Har carafke na daina.

Shekara na zagayowa ya faɗi a wurin aiki. Ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama, don haka abokan aikinsa ba su yi gigin kai shi babban asibiti ba, gida suka kawo shi a bayan mota, wani likita ya zo ya duba. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Mutumin da yake ɗaukar buhu biyu ya koma sai an jingina shi da bango. Wasan nan kaɗai ya rage masa. In yana so na, sai ya bubbuga tabarma da hannun hagu, ya yi ta nuni, ina dannawa. A haka muka kai sito na goma sha bakwai, muka cije mako uku.

Ran wata Juma'a maƙwabta suka shirya kai yara bakin teku. Na sa takalmi kenan na ji bugun tabarma. Na leƙa, na ga ya jera ƙwallayen dabino a gabansa layi-layi, fuskarsa ta washe yadda na daɗe ban gani ba. Ya gano hanyar. A ƙasa ƙawayena na ta kira, "Yalla, Rabi!" Na ce, "Baba, in na dawo." Ya dube ni, ya gyaɗa kai.

Na dawo gab da magariba, ƙafafuna duk yashi, na tarar da takalman maza jibge a ƙofarmu. Kafin in shiga ɗakin an share ƙwallayen an shimfiɗa wa masu ta'aziyya tabarmi. Ban faɗa wa Inna yadda muka rabu da shi ba sai bayan na yi aure. Ta ce, "Ai da murmushi ya ji saukarki bene." Har yau ban san ko don ta lallashe ni ta faɗa ba.

Yanzu na zarce shekarun da Baba ya yi a duniya. Jikokina kowa da wayarsa, wasanninsu ba sa jiran kowa, Hausar ma sai dai su ji su amsa da Larabci. Amma duk wanda ya ce, "Kaka, zo ki gani," ko tuwo nake tuƙawa sai na ajiye muciya. Ashe "in na dawo" ba magana ce da ɗan Adam yake da ikon faɗa ba.