Shekarar Alhaji Ta Riga Tawa Cika

Shekarun baya, ina koyarwa a wata firamare a Lolo, na kama hayar ɗaki biyu na shekara guda a gidan wani Alhaji. Da baki muka gama magana, muka yi musabaha. Ni mai ji da boko, ko tambayar da wane wata za a ƙirga shekarar ban yi ba.

Matata na tsakiyar wankan jego, ruwa na tafasa a tsakar gida, sai ga Alhaji da wani ɗan kasuwa daga tsallaken iyaka, yana leƙa ɗakinmu kamar mai taya akuya.

Alhaji ya ce, "Malam, shekararka ta cika. Bayan Sallah babba munka yi magana, ga ta ta zagayo. Wanga bawan Allah shinkafa za shi zubawa."

Na ce, "Haba Alhaji, ai da saura! Watan boko nike ƙirgawa."

"Ni ban san shi ba."

Na haɗiye fushi, na roƙe shi ya bari ko arba'in ta yi. Ya ce mota na hanya.

Abokina mai aiki a kotu ya ce min haya mai wa'adi in ta ƙare, ba lallai a ba ka dogon notis ba. Amma mai gida ba shi da ikon fitar da kai da hannunsa, sai ya ba ka takarda, ya bi ta kotu. Na dawo ina huci, na tarar an jibge buhuna har bakin ƙofa, 'yan dako na shige da fice, matata ta kasa fitowa wanka.

Ta ce, "Malam, kai ka yi shari'arka. Ni da ɗanyen jiki ba ni kwana cikin ƙatti."

A amalanke muka kwashe kaya zuwa ɗakin da wata maƙwabciya ta ara mana. A can ta ƙarasa jegon.

Yanzu ba na shiga gidan kowa sai an rubuta ranar fita da watan boko da na Musulunci duka. Amma ba ƙirgar ce ke ƙona min rai ba har yau. Daga baya ɗan kasuwar ya faɗa min tun matata na da ciki aka yi masa alkawarin ɗakin. Ranar suna kuwa Alhaji ne a sahun gaba. Shi ya ja addu'a, ya ce Allah ya raya mana yaron a gidan nan, mu kuma muka ce amin.