Katin Ɗan Fari

A shekarata ta biyu a lakwal, wato makarantar koyon jinya, aka turo ni staj, koyon aiki a aikace, gida, wata ƙaramar likita, wato ɗakin shan magani, a wani ƙauye tsakanin Matameye da Kurni. Murna kamar me! Innata ta wanke mini farar rigar aiki, ta sa mata bula, ta goge da dutsen guga na gawayi. Kullum da safe in hau kabu-kabu, mata a bakin famfo suna cewa, "Likita, a sauka lafiya," ni kuma in wani ɗaga kai. Likitar me? Ko jijiyar jariri ban taɓa samu da hannuna ba.

A can ciki kuwa ba ni da suna. Majo, babban ma'aikacin jinyar da ke riƙe da wurin, "'yar staj" kawai yake kirana. In na yi tambaya ya ce ban yi karatu ba, in na yi shiru ya ce ba na son koyo. Ban cika ganin laifinsa ba, shi kaɗai ne, ga layi har waje. Sai ya ajiye ni a teburin bakin ƙofa: in auna yara, in tambayi iyaye, in rubuta a kati, wanda na ga jikinsa ya yi tsanani in shigar da shi gaban kowa.

Lokacin bazara ne, maza duk sun tafi cin rani Kano da Legas, gari ya rage mata da tsofaffi. Wata safiya sai ga wata tsohuwa rungume da jariri a cikin zane, matar ɗanta na biye da ita. Matar ba za ta girme ni ba. Tsohuwar na ganina ta tafa hannu.

"Ikon Allah! Ke ce nan? Da hannuna na yanke miki cibiya, ja'ira!"

Ungozomar unguwarmu ce ta dā. Na durƙusa na gaishe ta, da farar rigata da komai.

Ta ce zawo jaririn yake. Na juya wajen uwar na ce, "Tun yaushe yake zawo?" Sai ta mai da fuska bango. Nan take na gane ɗan fari ne. A wajenmu uwa ba ta kallon ɗan farinta a gaban surukai, ba ta kiran sunansa, balle ta nuna ta damu da shi. Tsohuwar ce ta amsa.

"Haƙori ne, 'yata. Jiya ya fara, sau biyu ko uku. Barci yake, kar ki tashe shi."

Wallahi na san abin da ya kamata. An koya mana, har na ci jarrabawa a kai: ka tambayi wadda ke kwana da yaro, ka buɗe shi, ka dubi ido, ka ja fatar ciki. Amma yaya zan ce wa matar da ta yanke mini cibiya, "Iya, ɗan ba mu wuri"? Yaya zan zare jariri daga hannunta bayan ta ce a bar shi? Na zura ma'auni a hammatarsa ta gefen zane, zazzaɓin bai yi yawa ba. Na rubuta zawo, kwana ɗaya, na ce su zauna a inuwa su jira layi. Da za su tashi uwar ta dube ni sau ɗaya, leɓɓanta suka motsa. Na sunkuyar da kai kan katin.

Sai bayan azahar layi ya zo kansu. Majo na yaye zanen ya ce, "Innalillahi." Maɗiga ta faɗa, idanu sun zurma, ya ja fatar ciki ta tsaya yadda ya ja ta. Ya ce, "Iya, fita." Kalma biyu, tsohuwar ta fita. Ya tambayi uwar, sai magana ta ɓalle mata: kwana huɗu ne, tun jiya bai kama nono ba, bai yi fitsari ba. Ya nemi jijiya a hannu, a ƙafa, a kai, ni ina riƙe da ledar ƙarin ruwan da ba a samu inda za a sa ba. An kira mota daga Matameye. Kafin ta iso yaron ya cika.

Majo bai yi mini tsawa ba, da ma ya yi. Ya ɗaga katin ya ce, "Wa ya gaya miki wannan?" Na ce kakar. Ya ce, "Kakar ce ke ba shi nono?" Ya ajiye, ya kira na gaba.

Tsohuwar ce ta yi kuka. Ita ta goya gawar, uwar ta bi ta a baya ido a bushe, don ko nan ma bai kamata a ga hawayenta ba.

A gida Innata ta ce kwana ne ya ƙare, kuma daidai na yi, 'yar mutunci ba ta korar tsohuwa. Maganar nan ta fi ta Majo ci mini rai. Gida sun ce na kyauta, aiki ya ce na kashe, kuma duk ni ɗin ce. Na ƙarasa staj, na ƙarasa lakwal, amma tun ranar in aka ce "likita" sai in ji kamar da wata ake.

Bayan daminar shekarar na haɗu da uwar a kasuwar Matameye, wajen masu tumatir. Na so in kauce, ta riga ta gan ni. Ta rusuna ta ce, "Likita, sannu da wahalar ran nan, Allah ya saka da alheri." Ta waiga ta ga ba wanda ta sani kusa, sannan ta rage murya.

"Na so in gaya miki. Na yi ta jira ki ce mata ta fita."